Ni da faifan roba a dutsen Hada

Har yau kafaɗata ciwo take amma ba ita ta fi damuna ba wallahi. Ɗan Yaya ne, wanda ya dawo daga karatu a Finland, kun san shi da iyayi, ya kwashe mu daga Makka ranar Asabar da asuba muka hau Hada ta hanyar Ɗa'if, wai ya zo da kwandunan ƙarfe masu sarƙa ya kafa guda 9 cikin wani kwazazzabo za mu yi golf ɗin faifai. Dokar ba wuya, ka yi ta jifan faifan roba har ya faɗa kwando, wanda jifansa ya fi kaɗan shi ya ci. Na ce haba yaro, ni da na yi jifan Shaiɗan a Mina shekara nawa ban taɓa kuskure ba?

Kwando na 4 ne ya tona min asiri. Jifa 3 aka yanka masa, wato a jifa 3 ya kamata faifan ya shiga, tsakaninka da shi akwai rami da itatuwan ƙaya, ga iska. Yaron ya ce Kawu ɗauki mai kaurin baki, wannan mai kaifin na ƙwararru ne, kuma ka saita dama don na hannun dama in ya jefa, faifan yana rage gudu hagu yake karkatawa. Na ɗauki mai kaifin mana. Na ja baya, na tattare jallabiya da hannu ɗaya, na taho a guje kamar yadda na ga yana yi, ina juyawa jallabiyar ta harɗe min ƙafa, faifan ya fita da wani irin ƙarfi ya daki itacen da bai fi taku 5 da ni ba, ƙwas! ya dawo ta gefen kunnena ya faɗi a BAYANA. Wato na yi jifa ɗaya kuma kwandon ya ƙara nisa. Takalmina ɗaya kam ya tsallake ramin, ya fi faifan tafiya.

To akwai wani dattijo Balarabe can gefe, ya shimfiɗa darduma da tarmus ɗin shayi, ba wanda ya gayyace shi. Duk jifan da na ɓarar sai ya ɗaga kofi ya ce ma sha Allah ya hajj. Ba dariya ba murmushi. Na shiga ƙaya ɗauko faifai, ma sha Allah. Na daki sarƙa ya zubo ƙasa ya gangara ramin, ma sha Allah. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi, kuma ko shayin bai ce bismillah ba, mutum yana zaune da tarmus guda.

A jifa na 11 faifan ya gangara wajen birran nan na Hada, wani gwaggon biri ya ɗauka ya shinshina ya cije shi ya wurgar, kuma ni na gani da idona ya fi nawa kusa da kwando. Yaron ya ce ba za a lissafa ba.

Bidiyon yana gurup ɗin gida na WhatsApp tun kafin mu sauko, Yaya ta sa masa alamar dariya 7. Yanzu wai sai na biya faifan don haƙorin biri ya huda shi. Na ce ya je ya tambayi birin. Takalmin dai ban same shi ba.