An bar jaki ana dukan taiki: gunjin DAC ɗinka ba laifin aisi ba ne

'Yan'uwa masu haɗa kayan sauti da hannu, akwai ɗabi'ar da nake so mu bari. Mutum ya haɗa DAC, wato na'urar da ke mayar da sautin dijital zuwa analog, ya jona ta da amfilifaya, sai ya ji gunji ko ziza a lasifika. Nan take sai ya ɗora laifi a kan aisi (IC), wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da ke kan fanel, allon da ake dalmace kayan a kai. Ya cire PCM5102A ya nemo ES9038Q2M, ya sauya op-amp, wato aisin ƙara ƙarfin sigina, daga NE5532 zuwa OPA1612, ya sa kafasitoci masu tsada, gunjin yana nan daram. A ganina mafi yawan waɗannan matsaloli suna fitowa ne daga abu biyu: hanyar da karent ke bi ya koma inda ya fito, da tsabtar wutar da ke ciyar da fanel.

Mu fara gyara fahimta. Wurin da aka rubuta GND, wato giraun, ba rami ba ne da karent ke faɗawa ya ɓace. Duk karent ɗin da ya fita sai ya dawo gida, kuma layin giraun ne hanyarsa. Wannan layi yana da turjiya komai ƙanƙantarta. Layin jan ƙarfe a kan fanel na yau da kullum, mai kaurin 35 µm, faɗin 1 mm, tsawon 10 cm, turjiyarsa ta kai kusan 50 mΩ. Idan karent na 1 A ya ratsa ta, bambancin 50 mV ya bayyana tsakanin bakinsa biyu. To, DAC mai fitar da 2 V RMS a 16-bit, mataki ɗaya nasa, wato mafi ƙanƙantar canjin da yake iya yi, kusan 86 µV ne kawai. Ke nan wannan ɗan layi zai iya zuba hayaniyar da ta ninka matakin sau ɗaruruwa. Wane aisi ne zai tsira daga wannan?

Kafin ka taɓa dalma, ka saurara. Kowace ƙara tana faɗin asalinta. Gunji mai taushi, mai zurfi, na 50 Hz, ko 60 Hz a ƙasashe irin Amurka, daga wutar layi yake: ko da'irar giraun, ko maganaɗisun taransifoma. Ziza mai kaushi ta 100 Hz ko 120 Hz da 'ya'yanta na sama daga diyod da manyan kafasitoci take. Siririn fito na 1 kHz ko 8 kHz aikin USB ne, domin a waɗannan lokuta yake aika bayanai. Ƙarar da ke canjawa idan ka motsa linzamin kwamfuta, dattin giraun ɗin kwamfutar ne ya shigo. Kunne yana ruɗuwa, don haka ka shigar da fitar DAC cikin katin sauti, ka buɗe manhajar REW ko Audacity, ka kalli a Hz nawa tsinin ƙarar ya tsaya.

Daga nan sai rarrabewa, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Cire DAC, ka toshe mashigar amfilifaya da fulogin RCA da aka haɗe tsakiyarsa da gefensa. In gunjin bai tafi ba, ka bar DAC ya huta, ciwon a amfilifaya yake. In ya tafi, mayar da DAC amma ka zare USB. Shiru? To da'ira ce ta ratso ta kwamfuta. Ka tabbatar da laftof a kan batir, cajarsa a zare. Sannan ka ciyar da fanel ɗin da batir maimakon taransifoma. Minti goma ke nan, kuma sun fi sayen sabon aisi amfani nesa ba kusa ba.

Da'irar giraun tana faruwa ne idan kwamfuta tana da wayar ƙasa, amfilifaya ma yana da ita, sannan igiyar USB da ta RCA suka haɗe su ta wata hanyar. An sami zobe, karent yana zagayawa ta garkuwar RCA, amfilifaya kuma bai san bambancin wannan da kiɗa ba.

A nan ne nake so in ɗaga murya. Kada ka yanke wayar ƙasa ta kariya. Kada ka karya ƙafar fulogi ta uku. E, gunjin zai tafi, amma ranar da wayar wuta ta kwance ta taɓa akwatin ƙarfe, fis ba zai ƙone ba, jikin wanda ya taɓa ne zai zama hanya. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, kuma rai ake sakawa a ciki. Wayar ƙasa tana tafiya kai tsaye zuwa akwati, kusa da mashigar wuta, a kan noti nata ita kaɗai, da wosha mai haƙora, a wurin da aka kankare fenti. Da mita, tsakanin ƙafar fulogi da kowane sashe na akwatin ya kamata ka ga kusan sifili.

Abin da za ka iya sassautawa shi ne haɗin da ke tsakanin giraun na sauti da akwati. Ka sa rizisto 10 Ω mai 5 W, kafasita 100 nF a gefensa, da gadar diyod mai 35 A da aka jona ta yadda za ta wuce da karent ta kowane ɓangare. Rizisto yana rage karent ɗin zobe, kafasita tana ba hayaniyar rediyo hanya zuwa akwati, gadar kuma ba ta buɗewa sai bambanci ya wuce ƙarfin diyod, wato lokacin haɗari, ta riƙe har fis ya ƙone. Kafin wannan ma, ka sa kwamfuta da DAC da amfilifaya a kan soket guda, sau da yawa hakan kaɗai yana rage gunjin. Jakunan RCA kuma a keɓe su daga akwati da woshar roba, don kada a sami haɗi na biyu a ɓoye. Mai jakin XLR, wato mai fin uku, ya kai fin na 1 zuwa akwati nan take a bakin jak, ba cikin fanel ba. Abin da ƙa'idar AES48 ta tanada ke nan tun 2005.

Hanya mafi tsabta ita ce yanke zoben ta ɓangaren dijital. TOSLINK haske ne, ba jan ƙarfe a ciki, don haka ba zobe. S/PDIF na waya yana son ƙaramar taransifoma ta sigina da turjiyar 75 Ω. A USB sai an kula: aisin keɓewa ADuM3160 da ADuM4160 iyakarsu 12 Mbps, wanda a aikace ke tsayar da kai a 24-bit 96 kHz. Fanel mai aisin USB na XMOS da ke aiki a 480 Mbps yana bukatar irin ISOUSB211 ko ADuM4165. Kuma keɓewa ba ta da ma'ana idan ɓangarorin biyu suna cin wuta daga tushe ɗaya.

Cajar bango mai ƙafa biyu tana da nata halin. A cikinta akwai kafasita tsakanin ɓangaren layi da na fita, shi ya sa mita ke nuna kusan rabin wutar layi tsakanin fitarta da ƙasa. Karent ɗin kaɗan ne, amma ta igiyar RCA zai bi ya nemi ƙasa, ka ji shi ziza.

Yanzu ga inda na fi ganin kuskure, wato tushen wuta. Kafasitar tacewa ba ta cika a hankali. Diyod suna buɗewa ne a ƙololuwar igiyar wuta kawai, na ɗan lokaci, su zuba karent da ya ninka na lodi sau da yawa. Wannan bugu yana zagayawa tsakanin taransifoma, diyod da kafasita. Wanda ya ɗauki giraun na sauti daga kan wannan hanya, ko ya haɗa tsakiyar taransifoma a wurin da RCA ke haɗuwa, ya gayyato 100 Hz da hannunsa. Gyaran: wayar tsakiyar taransifoma ta tafi kai tsaye zuwa mahaɗar kafasitoci, daga mahaɗar ka fitar da ɗan gajeren reshe, a ƙarshen reshen ne sauran giraun za su taru. Santimita biyu na jan ƙarfe suna iya raba fanel mai shiru da mai ziza. Wayoyin taransifoma a murɗe su tare, a nisanta su da na sauti. Idan taransifomar mai zobe ce, kada notin tsakiyarta ya taɓa murfi da gindi a lokaci guda, domin ya zama naɗi ɗaya da aka gajarce, zai yi zafi. Idan gunji yana canjawa sa'ad da ka juya ta, maganaɗisu ne, nisa ne maganinsa.

Sai lissafi. A 50 Hz da gadar diyod, lodi 200 mA a kan 2200 µF yana ba da tangal-tangal na kusan 0.9 V. Regulato, wato aisin da ke daidaita wuta, yana kallon ƙasan wannan tangal-tangal ne, ba matsakaicin da mita ke nunawa ba. 7805 yana son rarar kusan 2 V, LM317 ka ba shi 3 V don kwanciyar hankali, AMS1117 sama da 1 V kaɗan. Mita za ta nuna 7.3 V a gaban 7805 ka ce lafiya, alhali ƙasan igiyar yana sauka ƙasa da 7 V sau 100 a kowace daƙiƙa, kuma in wutar layi ta ragu abin ya ƙaru. Ta ɗaya gefen, rara mai yawa zafi ce: daga 12 V zuwa 5 V a 300 mA, 2.1 W ne, kuma regulato mai jikin TO-220 marar ƙarfen sanyaya zai wuce digiri 100. Sauti mai yankewa bayan minti ashirin, nan za ka fara dubawa.

LM317 yana da kyau in an yi masa adalci: kafasita 10 µF a ƙafar ADJ tana ɗaga tacewarsa daga kusan 65 dB zuwa 80 dB. LT3042 mai hayaniyar 0.8 µV RMS abin so ne ga agogon DAC da layin AVCC, wato wutar sashen analog, amma iyakarsa 200 mA, kuma in ka kai wutarsa ta waya mai tsawon 15 cm ka zubar da abin da ka saya. Regulato mai tsabta a kan fanel ɗaya da lodinsa yake zama.

Kowace ƙafar wuta ta aisi tana son 100 nF X7R a cikin 'yan milimitoci, da ramin giraun nata a gefe, sai 10 µF a kusa. Ku tuna ƙananan kafasitocin seramik suna rasa kaso mai yawa na ƙarfinsu idan wuta na kansu, don haka a ɗauki mai juriyar da ta ninka abin da ake bukata.

Batun AGND da DGND kuwa, wato giraun na analog da na dijital, na san akwai masu ganin dole a tsaga faffadan giraun gida biyu. Ban yarda ba, musamman a fanel mai DAC ɗaya. Waɗannan sunaye suna bayanin cikin aisi ne, ba umarnin tsaga fanel ba. Karent mai saurin gaske yana komawa ne ta ƙarƙashin layin da ya ɗauke shi. Idan layin agogo irin BCK ko MCLK ya tsallaka tsaga, karent ɗin dawowa sai ya yi dogon zagaye, ka ƙera eriya mai watsa 24.576 MHz cikin sashen analog. A bar giraun ɗaya cikakke, a raba kaya: dijital a gefe, analog a gefe. Wayoyin I2S, masu kai sautin dijital zuwa aisin DAC, kada su wuce 10 cm, kowace da giraun a kusa da ita, da rizisto 22 zuwa 33 Ω a bakin mai aikawa. Ƙas-ƙas da ke zuwa a 192 kHz ya ɓace a 44.1 kHz yawanci daga nan yake.

Ga mai PCM5102A da ya ji shiru gaba ɗaya: duba ƙafar XSMT, sai tana sama sauti zai fita, kuma in ba ka ba shi MCLK ba, ƙafar SCK ta tafi giraun.

Awo ma yana yaudara. Maƙalin giraun mai bakin kada na osiloskof a haɗe yake da wayar ƙasa, don haka da zarar ka maƙala shi ka ƙirƙiri sabon zobe, in kuma ka maƙala shi a layin −15 V ka gajarce shi. Doguwar wayarsa tana kwaso hayaniyar da babu ita a fanel. Ka cire ta, ka sa ɗan gajeren sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar giraun ta bakin ma'auni, ka auna a kan ƙafafun kafasita, a AC, da iyakar 20 MHz. Don ka san ko abin da kake gani gaskiya ne, ɗora bakin ma'aunin a kan giraun ɗin da sifirin yake. Duk abin da ya rage a allo ba daga wutarka yake ba. Op-amp da ke zafi ba dalili, ko fitarsa ta nuna DC fiye da 'yan mV, ka zarge shi da kaɗawa a MHz: sa 100 nF a ƙafafun wutarsa biyu, da rizisto 47 zuwa 100 Ω a jere da fitarsa kafin jak. Kuma kafin hannu ya shiga akwati, a zare fulogi, a sauke kafasitoci ta rizisto 1 kΩ mai 5 W, a duba da mita cewa sun sauka.