Kaboyin gaban teburin mai shayi

Littafin na Ladan ne, shi ma a wurin masu tsofaffin littattafai na bakin titi ya tsinto shi. Labarin Wyatt Earp ne, ɗan sandan nan na yammacin Amurka da ya yi aiki a Dodge City ta jihar Kansas kafin ya koma Tombstone a Arizona. Ban ajiye shi ba sai da na ga ƙarshensa. Ya yi daɗi, amma marubucin maƙaryaci ne na ƙin ƙarawa. Bindigar mutumin harsashi shida take ci, amma ba ta taɓa ƙarewa. Dokinsa ba ya cin dusa, ba ya shan ruwa. Sannan faɗan O.K. Corral na ranar 26 ga Oktoba, 1881, wanda bai wuce daƙiƙa 30 ba, aka kashe mutum uku, shi ya ja shi har babi uku, kowa na tuna uwarsa kafin ya ɗana kunama.

Wannan ra'ayin na kai majalisa bayan isha'i. Da zuwana na ce wa Ɗan'asabe ya haɗa min shayi da Indomie ya rubuta, sai ƙarshen wata, don wallahi ko ficika ba ni da ita. Ya rubuta yana ƙunƙuni.

Ina cikin bayanin yadda aka ji wa 'yan uwan Wyatt, wato Virgil da Morgan, rauni, shi kuwa ko ƙwarzane bai samu ba, sai Baba Kofur ya katse ni.

"Kai yaro, wa ya rubuta rahoto?"

"Baba, ai abokinsa ma da suka yi faɗan tare, Doc Holliday, likitan haƙori ne."

"Likitan haƙori a bakin aiki da bindiga? A zamaninmu da tuni an tuɓe musu kaki. Fansho nawa aka biya shi?"

Na ce ya dai rayu har 1929, ya mutu a Los Angeles yana da shekara 80. Baba ya ce to ba jarumta ba ce, kwana ne bai ƙare ba. Nan zuciya ta ɗebe ni, na miƙe zan nuna musu yadda ake zaro bindiga kafin abokin gaba ya ƙifta ido. Wayata ce bindigar.

Na ja da baya, na ware ƙafafu, na karkata hula. Yara suka taru. Na ce Ladan ya ƙirga uku. Yana cewa uku na cusa hannu a aljihun kaftani, ashe makullin babur ya sarƙe da zare. Na ja, ya ƙi. Na sake ja, Ladan ya ce, "Ai an harbe ka tun ɗazu." Da na fizga da ƙarfi, aljihun ya yage, wayar ta yi ƙasa ta cikin riga, abin da ya fito kuwa sababbin 'yan dubu-dubu ne, suka watse a kan tebur, ɗaya ta sauka daidai kan littafin bashi.

Ɗan'asabe bai ce uffan ba. Ya ajiye cokali, ya goge hannu a tsumma, ya ɗauki kuɗin ɗaya bayan ɗaya yana lasar yatsa. Ya buɗe littafi, ya koma har bashin azumi, yana karantowa da ƙarfi, har ƙwai biyun da na rantse ban ci ba. Ni kuwa ina tsaye ƙafafu a ware, don na manta in haɗe su. Na ce kuɗin adashin Maman Ummi ne. Ya ce, "Allah ya saka mata da alheri."

Wanda ya fi ƙona min rai Ladan ne. Mutumin da cajata ke hannunsa tun bikin Sani, wanda na goya a babur har asibiti cikin ruwan sama, shi ne ya faɗo daga benci don dariya, har yana kwaikwayon tsayuwata. Kuma shi bai ma karanta littafin ba, ƙafar gadonsa yake tokarewa da shi.

Baba Kofur ya ce in kawo masa ya duba ko akwai maganar fansho a ciki. Maman Ummi har yanzu ba ta ɗinke aljihun ba, ta ce sai kuɗinta sun dawo.