Mai tallar maganin cutar kansa, ina shaidarka?

Makon jiya aka turo wani bidiyo a zauren WhatsApp na danginmu. Wani bawan Allah ne sanye da farar riga irin ta likitoci, riƙe da kwalba, yana rantsuwa cewa duk wanda ya sha ƙwaya biyu kullum, shi da cutar kansa sai dai ya ji a salansa. Hujjarsa ɗaya ce: wai daga tsirrai aka haɗa, babu sinadarin Bature. Kafin magariba gwaggona ta tura kuɗin kwalba biyu. Ita kuwa shekararta 52, ba a taɓa duba mata bakin mahaifa ba ko sau ɗaya.

Wannan magana ta "ai daga tsirrai ne" an riga an gwada ta, kuma ta sha ƙasa. Masana sun lura masu yawan cin karas da ganye ba su cika kamuwa da kansar huhu ba, sai suka zaci sirrin yana cikin sinadarin beta-karotin. A Finland aka tara maza masu shan taba fiye da 29,000, aka ba wasu ƙwayar, wasu aka ba su ta bogi. Da sakamako ya fito a 1994, kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wajen waɗanda suka sha ta gaskiyar. Amurka ta yi irin nata gwajin da mutum kusan 18,000, dole aka dakatar da shi a 1996 saboda ƙaruwar ta kai kashi 28. Abin da ke cikin karas ne fa, ba guba ba. To ina ga garin da aka dandaƙa a bayan shago, ba wanda ya san me ke ciki?

Abin da ke ba ni haushi shi ne, wanda aka tabbatar yana aiki ba shi da mai yi masa talla. A Mumbai ta Indiya an bi mata kusan 150,000 tsawon shekara 12. Ma'aikatan lafiya na unguwa, ba likitoci ba, suke shafa ruwan khal a bakin mahaifa. Inda ya yi fari, a tura mace asibiti. Mace-mace daga kansar bakin mahaifa suka ragu da kashi 31. Ga kuma rigakafin HPV (ƙwayar cutar da ke haddasa wannan kansar) da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Oktoban 2023, a ƙasar da kansar bakin mahaifa ke kashe mata kusan 8,000 a shekara. Shi ne aka bi da jita-jitar hana haihuwa, mai kwalba kuwa ko tambaya ba a yi masa.

Na san za a ce ai mun ga abin da gwajin maganin kamfanin Pfizer ya yi wa yaran Kano a 1996. Gaskiya ne, amma wanda maciji ya sara ba ya warkewa da haɗiye duk abin da aka miƙo masa a tasha.

Ya kamata hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta daina jiran sai an kai ƙara. Duk wanda ya ambaci cutar kansa a talla ya kawo shaidar gwaji ko a rufe shafinsa. Asibitocin matakin farko kuma a ajiye musu ruwan khal da ma'aikaciyar da ta iya dubawa. Gwaggo dai na yi mata alkawarin kai ta ranar Talata, ta ce sai kwalbar farko ta ƙare.