Shakazoba ba don jin daɗin zama kaɗai aka yi ta ba

Jama'a, yau da masu mota nake, ni ma ina ciki. Mutumin Katsina zai iya wanke motarsa sau uku a mako, ya canza baƙin mai a kan lokaci, idan ɗan acaɓa ya goge masa fenti a Ƙofar Ƙaura sai an taru ana ba shi haƙuri. Amma ka tambaye shi yaushe rabon da a leƙa ƙarƙashin motar nan a duba shakazoba, sai ya tsaya yana kallonka kamar ka yi masa wani yare.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, ni ya faru da ni. Ƙarshen daminar da ta wuce na ɗauki iyali za mu Daura gaisuwar rasuwa. Mun wuce Mashi kaɗan sai ga akuya ta faɗo titi, na taka birki. Gaban motar ya dunƙura ƙasa kamar raƙumi zai gurfana, bayan ya ɗaga, sitiyari ya yi mini sakwaf a hannu. Allah ya tsare, akuyar ta tsira mu ma muka tsira, amma na san inda ya kamata motar ta tsaya ba nan ta tsaya ba. Uwargida ba ta ce komai ba sai salati, wanda ya fi faɗa ciwo.

Washegari na kai wa bakanikena, ina ce masa birki ya lalace. Bai ko taɓa birkin ba. Ya je gaban motar ya danna kusurwa ɗaya da ƙarfinsa ya saki, motar ta yi ta lilo har sau uku kafin ta natsu. Ya ce, "Alhaji, leƙo nan." Na durƙusa. Jikin shakazobar ya jiƙe sharkaf da mai, ƙura ta manne a kai ta zama taɓo. Ya sa na shafa tayar gaba da tafin hannu, na ji ta cinye tudu da kwari, wuri ya lotsa wuri ya taso. Ya ce, "Birkinka lafiya lau. Tayar ce ba ta zama a ƙasa."

Maganar nan ita ce ta tsaya mini a rai, don ita ce yawancinmu ba mu gane ba. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota. Idan ka faɗa rami ya lanƙwashe, zai so ya yi ta tsalle. Shakazoba ita ke hana shi. A cikinta akwai fistin da ke tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi, wannan matsin shi ke kashe tsallen, wasu kuma har da iskar naitirojin a ciki don kada man ya yi kumfa idan ya ɗau zafi. To in man ya tsiyaye, taya sai ta dinga dukan kwalta tana tashi kamar ƙwallo. Tayar da ke sama kuwa birki bai da abin da zai yi da ita, sitiyari ma haka. A kan jiƙaƙƙen titi ko a kwana abin ya fi muni.

Na san amsar da za a ba ni: hanyoyinmu ne. Gaskiya ne, duk wanda ke shiga unguwanni da damina ko yake bin gargadar ƙauye ya san abin da ƙafar mota ke sha. Masu ƙera shakazoba kan ce a duba ta idan ta yi wajen kilomita 80,000, amma wannan lissafin na masu titi sumul ne, a nan tana iya mutuwa tun kafin nan. Sai dai ni a ganina wannan hujja ce ta a riƙa dubawa akai-akai, ba ta a ƙyale ba. Kuma ba hanya ce ke sa mu haye tudun rage gudu da giya ta uku ba. Ba hanya ce ke loda wa Golf buhunan gero har but ya kasa rufuwa, a ɗaure da igiya, bayanta na jan ƙasa ranar kasuwar Mai'aduwa ba. Direbobin haya ina tausaya musu, kuɗin mai ya sa dole sai an cika lodi kafin a fita, amma motar ba ta san da wannan uzurin ba.

Sai kuma dabarun gareji, waɗanda su ne suka fi ba ni takaici. A huda tsohuwar shakazoba a ɗura mata mai a toshe, a ce ta dawo sabuwa. Robar da ta sa man ya zube tun farko tana nan a lalace, kwana nawa za ta yi? Wani kuma ya cusa guntun taya tsakanin sifirin don mota ta ɗaga, ko ya sa sifirin na babbar mota. Eh, ta ɗaga, amma ta koma kamar amalanke, duk dukan da ya kamata sifirin ya shanye sai ya koma kan bushi, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa, da sauran gaɓoɓin ƙafar. Haka masu canza guda ɗaya su bar ɗaya. Hagu sabuwa, dama matacciya, ka taka birki mota ta karkace. Biyu-biyu ake canzawa, na gaba tare, na baya tare. Idan na gaba ne, a wuce a yi alaimen, wato a saita tayoyin su miƙe daidai, in ba haka ba sababbin tayoyinka za su cinye ta gefe ɗaya.

Batun ƴar Beljiyam ko sabuwa, ba zan yi wa kowa wa'azi ba, kowa ya san aljihunsa. Ƴar Beljiyam mai kyau ta fi sabuwar jabu da aka buga wa sunan KYB ko Monroe a kwali. Amma ita ma wani ya mora kafin ta zo. Ka riƙe ta a tsaye, ka danna ka ja, in ta tafi salalam ba ta yi maka gardama ba, ko ka ga danshin mai a wuyanta, ajiye musu kayansu.

Akwai wani ɗan abu da ba ya cin ko sisi: iskar taya. Da yawa cikin masu faci sai sun ɗura har taya ta yi tauri kamar dutse, wai ta fi gudu. Buɗe ƙofar direba, yawancin motoci akwai takarda manne a jikin ginshiƙin da ta faɗi adadin da ya dace. Na duba tawa a ranar da na je wajen bakaniken, an rubuta 32, mai faci ya sa mini kusan 50. Wata nawa ina yawo a haka ina zagin titi.

Na canza shakazobar gaba guda biyu da bushi huɗu, kuɗin ya yi mini zafi ƙwarai, har sai da na ɗaga biyan wani bashi. Na baya suna nan suna jiran albashi, shi ya sa yanzu in za mu Daura ba na wuce tamanin, ko yara na cewa Baba motar Sharon ta wuce mu.