Kafin ka sayi sola, ɗaga kai ka dubi rufin gidanka

Tun watan Afrilun 2024, da NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, hirar majalisa ta koma ta wuta. Daga baya an ɗan sassauta zuwa naira 200 da 'yan kai. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba a tayar da shi sai dole. Duk wanda ka taɓa sai ya ce maka sola zai saka. Ban ƙi sola ba, Allah Ya hore wa kowa. Abin da ke ci mini rai shi ne ba na jin mai tambayar ina wutar take tafiya. Ni dai a ganina gidajenmu ne ke cinye ta, kuma mu muka gina su haka da hannunmu.

Zagaya sababbin unguwanni a Kano ko Kaduna ko Katsina ka ɗaga kai. Baƙin kwano, ja mai duhu, ruwan toka mai duhu, an cilla shi sama ya yi tsini, wani rufin har ya fi bangon gidan tsawo. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 da bazara! Baƙin abu shan rana yake yi, fari kuwa mayar da ita yake yi. Kwanon nan wuni yake yana gasuwa, iskar da ke tsakaninsa da silin ba ta da mafita saboda kafinta ya toshe ko'ina, sai zafin ya ratsa siririn silin ɗin roba ya sauko kan mutane. Bangon bulo shi ma ba baranda, ba inuwar bishiya, ya sha ranar la'asar ya ƙoshi. Ƙarfe goma na dare ɗora tafin hannunka a bangon yamma, za ka ji shi da ɗumi. Waje ya huce, ɗaki bai huce ba, yara sai juyi suke a kan katifa. Tagar ma irin ta alminiyon ce mai zugewa, rabinta kawai ke buɗuwa, kuma ita kaɗai ce a ɗakin, babu wata da ke fuskantarta balle iska ta shiga ta fita.

Daga nan sai a ce a sayo kwandishan. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan sama da wat 1,000. Idan ɗaki na riƙe sanyi, injinsa zai yi aiki ya huta. Idan rufi na ta zubo zafi, ba hutu: awa 8 ya lashe yunit 8 zuwa 9, wato sama da naira 50,000 a wata a farashin Band A na 2024, ɗaki ɗaya tak. Ga kuma ɗabi'ar murɗa shi zuwa 16 wai don ya yi saurin sanyi. Ba ya ƙara sauri, hana injin hutawa kawai yake yi. A bar shi a 24 ko 25 a haɗa da fanka, jiki zai ji daɗi, mita ma ta lafa. Indiya tun 2020 ta wajabta a riƙa fito da sababbin kwandishan a saite a kan 24.

Mai haɗa sola kayan da kake kunnawa zai lissafa, da su zai faɗa maka yawan faifai da girman batir. Duk wat ɗin da ka rage kafin ya zo, batir ka rage, kuma batir ne ke cinye kuɗin. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Wannan ma bai kai a tsaya ana musu a kansa ba.

Magabatanmu sun san ƙasar nan. Shiga Gidan Makama na Kano da tsakar rana ka ji yadda katangar tubali mai kauri da rufin soro ke riƙe zafi a waje. Na san amsar da za a ba ni: gara, yaɓe duk shekara, rushewa da damina. Gaskiya ne, ba na cewa a koma jiya. Amma a Dandaji, ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Ginin zamani ne, da ƙasar wurin da maginan wurin. Mu kuwa yau wanda ya yi gini da ƙasa kallon matalauci ake masa, wannan kuma yana ba ni takaici ƙwarai.

Filazozi sun fi gidaje muni. Bene mai hawa uku, gabansa gilashi tun daga ƙasa har sama, yana kallon yamma. Mai ginin ba ruwansa, kuɗin haya zai karɓa, mai shago ne zai ƙare ribarsa a dizal. Haka abin yake a gidan haya: wanda ya zaɓi kwano daban, wanda ke biyan wuta daban. Shi ya sa wa'azi kaɗai ba zai gyara wannan ba, sai doka. Kuma dokar akwai ta. A 2017 Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje ta tarayya ta ƙaddamar da kundin tattalin wuta a gine-gine, wanda ya yi magana a kan yawan gilashi a bango, da inuwar tagogi, da abin tare zafi a rufi, da irin fitilu da kwandishan. Sai dai izinin gini a hannun jihohi yake. Tambayi magininka ko ya taɓa jin labarin kundin nan.

Ghana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun 2013, mu kuwa har gobe ana sauke mana na gwanjo masu ruɓaɓɓiyar robar ƙofa, suna kwana suna gurnani. Wanda kuma ba shi da mita, ake yanka masa kuɗi da ka, me zai sa ya kashe fitilar ƙofar gida da rana? A ba mutane mita tukuna.

Kai da ke kan gini yanzu, don Allah ka zaɓi farin kwano, ka sa kafinta ya bar wa iska mafita a ƙarƙashinsa, a shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, a fitar da tagogi biyu masu fuskantar juna, ka dasa darbejiya ta yamma. Wanda ya riga ya rufa, farin fenti a kan kwano ya fi batir ɗaya araha. Hukumomin tsara birane na jihohinmu kuma su daina sa hannu a kan zanen filaza sai mai ita ya nuna yadda zai kare gilashinsa daga rana.