Ba duk mai kwana a mota ne talauci ya kora ba

Mutane da yawa in sun ga hoton wani a Amurka ya shimfiɗa katifa cikin motarsa, sai su ce talauci ne ya yi masa katutu. Ga wasu haka ne, kuma abin tausayi ne ƙwarai. Amma akwai masu aiki da albashinsu da suka zaɓi hakan da kansu. A birni irin San Faransisko, hayar ciki da falo ta haura dala 2,000 a wata, kuma galibi banki ba ya ba da bashin sayen gida sai an ajiye kuɗin kafin alƙalami, wanda kan kai kashi 20 cikin ɗari na farashin gidan. Kuɗin da za su biya haya ne suke tarawa, don su haɗa kuɗin kafin alƙalamin nan.

Sai dai ba hutu ba ne. Wanka a gidan motsa jiki ake yi, da biyan wata-wata. Da dare a toshe gilasai da kwali, a nemi lungun da ɗan sanda ba zai ƙwanƙwasa ba, domin garuruwa da dama sun haramta kwana a mota. Ga kuɗin mai da inshora, ga sanyin hunturu. Ranar da inji ya lalace kuwa, dole a kama ɗaki a otal har bakanike ya gama gyara.