Almakashin gyaran ƙwayoyin gado ba ƙirar mutum ba ne

Yana damuna yadda nake yawan ji a Zangon Kumasi ana cewa Cas9, almakashin gyaran ƙwayoyin gado, masana ne suka ƙera shi, ko da yake masu faɗa suna da uzuri, tunda a bakin masana aka fara jin sunansa. Asalinsa furotin ne na bakteriya, wadda take adana guntun gadon bairos ɗin da ya taɓa far mata, domin idan ya dawo ta gane shi ta datse shi da wannan furotin. Ko bakteriyar da ke daskarar da madara ta zama yogot tana da Cas9. Aikin masana kimiyya Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier a 2012 shi ne nuna yadda za a saita shi ya yanka inda ake so.